CIWON SUKARI DA RIKICEWAR CIN ABINCI TSAKANIN MATASA MASU ALLURAR INSULIN

Gabatarwa

A ko'ina cikin Nijeriya akwai yara da matasa waɗanda rayuwarsu ta dogara ga allurar da suke yi wa kansu kowace rana. Waɗannan su ne masu ciwon sukari iri na farko, watau wanda ya fi kama mutum tun yana yaro ko yana cikin tasowa. Iyayen irin waɗannan yara sun san wahalar neman kuɗin magani, sun kuma san fargabar daren da sukari ya faɗi. Amma akwai wani haɗari da yawancinsu ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne yaro ya shiga rage allurarsa da gangan, ko ya bar ta ɗungum, ko ya riƙa horon kansa da yunwa, duk domin tsoron ƙiba. Wannan larura tana ɓoyuwa shekara da shekaru a cikin gida, tana kuma kashewa. An shirya wannan bayani ne domin iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti su gane ta da wuri, su kuma san abin da ya kamata a yi.

Aikin Insulin a Cikin Jiki

Duk abincin da ya ƙunshi hatsi ko rogo ko doya ko zaƙi, kamar tuwo da shinkafa da fura da burodi, idan ya narke a ciki sai ya zama sukari ya shiga jini. Sukarin nan shi ne makamashin jiki, amma ba ya iya fita daga jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani sinadari da ake kira insulin. Wata tsoka ce da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take samar da shi. A jikin mai ciwon sukari iri na farko, garkuwar jiki ce take kuskure ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sabili da haka tilas a riƙa shigar da shi ta allura har iyakar rayuwa. Cin zaƙi ba shi ne yake kawo wannan irin ciwo ba, kuma babu laifin yaro ko na iyayensa a ciki.

Kafin shekara ta 1921 yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa a duniya. Abin da likitocin wancan zamani suka iya yi, irin su Frederick Allen na ƙasar Amurka, shi ne su tsuke wa marar lafiya abinci ƙwarai, har ya rame ya zama ƙashi da rai, don dai a ƙara masa 'yan watanni. A cikin shekara ta 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, sa'an nan a watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa, ya farfaɗo. Tun daga lokacin mai ciwon sukari ya sami damar ci ya ƙoshi, ya yi karatu, ya yi aure, ya tsufa. Abin baƙin ciki shi ne larurar da ake magana a kanta tana mayar da yaro cikin halin da ake ciki kafin a sami wannan magani, alhali kuwa maganin yana hannunsa.

Mece ce Rikicewar Cin Abinci?

Rikicewar cin abinci ciwo ne na tunani wanda yake sa damuwa da nauyin jiki da siffarsa ta mamaye zuciyar mutum, har ta hana shi cin abinci yadda lafiya take bukata. Tana zuwa ta fuskoki da dama. Wani yakan ƙuntata wa kansa abinci har ya rame, amma in ya dubi madubi sai ya ga kamar ƙiba gare shi. Wani kuwa yakan ci abinci mai yawan gaske a ɓoye cikin ɗan lokaci, ya kasa tsayawa, daga baya kunya da nadama su kama shi, ya nemi fitar da abin da ya ci ta hanyar amai ko maganin wankin ciki ko motsa jiki fiye da kima.

Ga mai ciwon sukari iri na farko akwai wata fuska ta dabam, watau rage insulin ko ƙin yin sa don kada jiki ya yi nauyi. A ƙasashen Turai da Amurka jama'a sukan kira wannan hali dayabulimiya. Ya fi yawa tsakanin 'yan mata da matasan mata, amma samari ma ba su tsira ba.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a jiki idan aka hana shi insulin. Sukari yakan taru a cikin jini ya rasa hanyar shiga tsoka. Idan ya haura kimanin miligiram 180 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, sai ƙoda ta fara zubar da shi cikin fitsari, yana tafiya yana jan ruwan jiki. Jiki kuwa da yake yana cikin yunwa, sai ya juya ya fara cin tsokarsa da kitsensa. Ramar da ake gani a irin wannan hali, bushewa ce da zaizayewar tsoka, irin ramar da yaron ya yi tun farko kafin a gano ciwonsa.

Me Ya Sa Masu Ciwon Sukari Suka Fi Shiga Wannan Haɗari?

Dalili na farko yana tattare da yadda ciwon yake farawa. Galibi yaro yakan rame sosai kafin a kai shi asibiti. Da zarar an fara masa allura, sai jikinsa ya dawo, kumatunsa su ciko cikin 'yan makonni. Iyaye sukan yi murna, amma yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana iya ɗauka a ranta cewa allurar nan ce take sa ta ƙiba, musamman in ƙawayenta sun taɓa yaba mata ramar da ta yi. Akwai kuma ƙanshin gaskiya a cikin zancen. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441, wanda aka bayyana sakamakonsa a shekara ta 1993, ya nuna cewa waɗanda aka tsananta kula da sukarinsu sun ƙara nauyin kimanin kilo 4.6 cikin shekara 5 fiye da sauran. Amma binciken nan ɗin shi ne ya nuna cewa tsananta kulawar ya rage haɗarin kamuwa da ciwon ido da kashi 76 cikin 100.

Dalili na biyu shi ne yadda ake jiyyar ciwon. Tun yana ƙarami ake koya wa yaro ya auna abinci, ya ƙirga, ya bar wannan ya ɗauki wancan. Duk zuwansa asibiti sai an ɗora shi a sikeli. A gida kowa ya zama ɗan sanda a kan kwanonsa, ana cewa wannan ba naka ba ne, wancan zai kashe ka. Yaron da ya tashi a haka yakan ɗauki abinci tamkar abokin gaba, ya kuma ɗauki lambar da na'urar auna sukari ta nuna tamkar sakamakon jarrabawa, in ta yi kyau shi yaron kirki ne, in ta ɓaci ya yi laifi.

Dalili na uku faɗuwar sukari ce. Idan sukari ya sauka ƙasa da miligiram 70, jiki yakan ɗauki rawa, gumi ya karyo, yunwa mai tsanani ta taso, dole kuma a sha zaƙi nan take. Sau da yawa tsoro yakan sa yaro ya ci fiye da bukata, sukari ya yi sama, nadama ta biyo baya.

Daɗin daɗawa, lokacin balaga lokaci ne da jiki yake sāke kama, idon mutane kuma yake damun matashi. Hotunan da ake gani a wayar hannu da tallace-tallacen shayin rage teɓa suna ƙara wa wutar makamashi. Haka kuma gajiya da ɗawainiyar ciwon da ba shi da hutu, da baƙin ciki mai nauyi, da tsangwamar 'yan makaranta, da tsoron kada manemin aure ya gudu in ya ji labarin allura, duk suna tura matashi ga ɓoye ciwonsa da yin wasa da maganinsa.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekara ta 2000 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, inda aka gwada 'yan mata 356 masu ciwon sukari iri na farko da wasu 1,098 marasa ciwon, dukansu tsakanin shekara 12 zuwa 19. An sami cikakkiyar larurar rikicewar cin abinci ga kashi 10 cikin 100 na masu ciwon sukari, alhali tsakanin marasa ciwon kashi 4 ne kawai. Kashi 11 cikin 100 na masu ciwon sun faɗa da bakinsu cewa suna rage insulin don su rame.

Tun kafin wannan, a shekara ta 1997, likitocin birnin Toronto sun bayyana abin da suka gani bayan sun bi 'yan mata 91 har tsawon shekara 4. Cikin waɗanda cin abincinsu ya fi rikicewa, kashi 86 cikin 100 sun sami lahani a ido. Cikin waɗanda cin abincinsu yake daidai kuwa, kashi 24 ne.

A shekara ta 2008 kuma Cibiyar Ciwon Sukari ta Joslin da ke birnin Boston a Amurka ta ba da labarin mata 234 da aka bi har shekara 11. Kashi 30 cikin 100 daga cikinsu sun amsa tun farko cewa suna rage insulin. Haɗarin mutuwa ga waɗannan ya ninka na sauran sau uku, kuma waɗanda suka rasu cikinsu sun rasu ne suna da kimanin shekara 45, sauran kuwa kimanin 58.

Girman matsalar ya sa a ƙasar Birtaniya 'yan majalisa suka zauna musamman a kanta, ƙarƙashin jagorancin George Howarth da tsohuwar Firayim Minista Theresa May, wadda ita ma take da ciwon sukari iri na farko. Sun fitar da rahotonsu a watan Janairu na 2024, inda suka nemi a haɗa jiyyar sukari da ta tunani wuri guda.

Illolin da Ke Biyo Baya

Illa mafi gaggawa ita ce tsamin jini. Idan jiki ya shiga ƙona kitse saboda rashin insulin, sai wani dafi da ake kira kiton ya taru a jini. Mai ciwon yakan ji ƙishirwa mai tsanani, ya yi ta fitsari, ya yi amai, ciki ya yi ta murɗa masa, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, bakinsa ya riƙa wari kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. In ba a kai shi asibiti ba, hankalinsa zai gushe, ya shiga doguwar suma, daga nan sai mutuwa. Wannan yana iya faruwa cikin yini ɗaya ko biyu.

Sauran illolin sannu a hankali suke zuwa. Sukarin da ya daɗe yana sama yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na cikin ido har ya kai ga makanta, yana kashe ƙoda har a kai ga wankin ƙoda, yana taɓa jijiyoyin ƙafa su riƙa zogi ko su sage, miki kuma ya ƙi warkewa. Yana iya sa tumbi ya kasa tura abinci, mutum ya yi ta kumburin ciki da tashin zuciya. Ga yaro mai tasowa, girma yakan tsaya, balaga ta yi jinkiri, al'adar yarinya ta ɗauke. Illolin da aka saba gani ga dattawa sai a gan su ga ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Alamun da Ya Kamata a Lura da Su

Mai wannan larura yakan ƙware wajen ɓoye ta, saboda kunya da tsoron kada a tilasta masa allura. Don haka wajibi ne na kusa da shi su sa ido a kan waɗannan abubuwa:

1. Rama ba tare da wani dalili ba, ko da yaron yana cin abinci sosai.
2. Yawan ƙishirwa da yawan tashi fitsari da dare da kasala, kamar lokacin da ciwon ya fara.
3. Kwanciya asibiti a kai a kai saboda tsamin jini.
4. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 2 zuwa 3, ya yi ta fitowa sama ƙwarai, alhali lambobin da yaron ya rubuta a littafinsa suna da kyau.
5. Kwalbar insulin ta daɗe ba ta ƙare ba fiye da yadda aka saba.
6. Ƙin yin allura ko auna sukari a gaban kowa, da fushi in an tambaya.
7. Gudun cin abinci tare da jama'a, ko shiga bayan gida da zarar an gama ci, ko ɓacewar abinci a gida.
8. Yawan hawa sikeli, da yawan kushe jikinsa, da sayen magungunan rage ƙiba.
9. Neman hanyar kauce wa ranar ganin likita.
10. Yawan azumin nafila ko tsallake abinci ba tare da shawarar likita ba.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, amma in biyu ko uku suka haɗu, lalle ne a sanar da likita.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. A ƙasar nan iyalai da yawa suna rage allura ne saboda tsadar insulin, ko rashin wurin ajiye shi cikin sanyi, ko kuma don wani mai magani ya yi musu alkawarin waraka. Wannan matsala ce ta dabam, maganinta kuma dabam, ko da yake illarta ga jiki ɗaya ce. Ma'aikacin asibiti ya kamata ya yi tambaya a kan duka biyun, domin ana iya samun su a gida ɗaya. Ya kamata kuma kowa ya sani cewa babu wani saiwa ko ganye da yake maye gurbin insulin ga mai ciwon sukari iri na farko.

Yadda Za a Tunkari Yaron

Iyaye da yawa in suka gano abin da ke faruwa, abin da yake fara zuwa musu shi ne faɗa ko duka ko gori a kan kuɗin da aka kashe. Wannan ba ya haifar da kome sai ƙarin ɓoyo. Haka nan tsoratarwa da makanta ko mutuwa ba ta cika amfani ba, gama yaron ya riga ya san duk wannan, tsoron ƙiba ne ya fi ƙarfinsa. Larura ce ta kama shi, kamar yadda zazzaɓi ke kama mutum, kuma ba ta fita da tsawa.

Abin da ya fi shi ne wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, uwa ce ko gwaggo ko yaya, ya keɓe da shi a lokacin da hankali yake kwance, ba a kan kwanon abinci ba. Uwa tana iya cewa, "'Yata, na ga kwanan nan kina yawan gajiya, kuma allurar nan tana yi miki nauyi. Gaya mini abin da ke damunki, ba faɗa zan yi miki ba." Sa'an nan ta yi shiru ta saurara. In yarinyar ta musa, kada a matsa mata a ranar, amma kada kuma a bar maganar, a kai ta ga likita.

A gida, ya kamata a daina zancen ƙiba da rama, na yaron ko na waninsa, a kuma daina ware masa kwano kamar baƙo. Abincin da ya dace da mai ciwon sukari ya dace da kowa a gidan. Iyaye su koma zama tare da yaron lokacin allura, cikin lumana, ko da ya girma. A makarantun kwana, shugaban makaranta da mai kula da ɗakin kwana su tanadar masa keɓaɓɓen wuri na yin allura da ajiye magani, su hana tsokana, su kuma sanar da iyaye in sun ga canji.

Jiyya

Ana warkewa daga wannan larura, musamman in an gano ta da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jiyyarta tana bukatar likitan ciwon sukari, da ma'aikaciyar jiyya, da masanin abinci, da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, su yi aiki tare da iyalin. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka, kuma ba abin kunya ba ne. Asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Ibadan da Legas da Inugu, suna da sassan kula da ciwon sukari da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro ta Abekuta. Likitoci suna da wata takardar tambayoyi 16 da aka tsara a shekara ta 2010 musamman domin gano wannan matsala ga masu ciwon sukari, masana kuma suna ba da shawarar a fara irin wannan tambaya tun yaro yana shekara 10 zuwa 12.

Abubuwa biyu ya kamata iyali su sani tun kafin a fara. Na farko, ba a mayar da cikakken insulin rana ɗaya ga wanda ya daɗe yana rage shi. Likita ne zai riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, domin saukar da sukari da gaggawa bayan ya daɗe a sama yana iya tayar da zogin jijiya ko ya ƙara lahanin ido. Na biyu, a makonnin farko jiki yakan riƙe ruwa, ƙafafu da ciki su kumbura, sikeli ya nuna ƙarin nauyi. Wannan ruwa ne, kuma yana sacewa da kansa. A daidai wannan gaɓa ce yawancin marasa lafiya suke firgita su koma gidan jiya, sabili da haka a gaya musu tun da wuri, a kuma tsaya kusa da su har kumburin ya wuce. In an sami koma baya, kada a ɗauka aikin ya lalace, a koma wurin likita a ci gaba.

Lokacin Gaggawa

Duk mai allurar insulin da ya kama amai, ko ciwon ciki mai tsanani, ko numfashi mai zurfi da sauri, ko magagi, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, dare ne ko rana, a kuma gaya wa ma'aikata cewa yana da ciwon sukari kuma mai yiwuwa ne bai yi allurarsa ba. Kada a tsaya kantin magani, kada a jira gari ya waye. Haka kuma in yaro ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a ɗauki maganar wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita a ranar.

Kira ga Jama'a

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Frederick Banting. Ana kira ga makarantu da ƙungiyoyin mata da na matasa da shugabannin al'umma su yi amfani da wannan rana, da sauran tarurrukansu, wajen bayyana wa jama'a wannan matsala. Ana kuma roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma miƙa ta ga gidan da ya san akwai yaro mai allurar insulin. Matashin da ya ga halinsa a cikin abin da aka bayyana, ya sani cewa akwai irinsa da yawa da suka warke, kuma matakin farko shi ne ya gaya wa likitansa ko wani babba da ya amince da shi gaskiyar yawan allurar da yake yi.